Kurakuran da na tafka da kyamara a Antakya

Ƙannena masu ɗaukar hoto, musamman ku da ke aiki da kanku ba a ƙarƙashin kowace kafa ba, akwai abin da na daɗe ina so in gaya muku, kuma ba daɗin faɗa gare shi ba.

Ranar Litinin 6 ga Fabrairun 2023 ina Istanbul, da misalin ƙarfe 4:17 na asuba girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya daga wajajen Pazarjik a lardin Kahramanmarash, bayan awa tara wata mai 7.5 ta sake biyowa daga Elbistan. Larduna 11 abin ya shafa, sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai. Ni lokacin aikina hotunan biki ne da na 'yan kasuwa masu zuwa sarin kaya, amma da na ga labarin abin da ya fara zuwa raina, Allah ya yafe min, shi ne ga dama ta samu, yanzu sunana zai fito. Da wannan niyyar na tafi, kuma ita ce ta haifar min da duk sauran kurakuran.

Titin saukar jirgin sama na Hatay, lardin da birnin Antakya yake, ya tsage, don haka Adana na sauka, na roƙi wata motar kayan agaji ta rage min hanya. Mun wuce Iskenderun hayaƙin gobarar tashar ruwa na tashi, muka maƙale a hawan Belen awoyi saboda cunkoso. A jakata akwai kyamara, batir biyu, laftof, rigar sanyi guda da biskit, shikenan. Antakya kuwa ba wuta, ba ruwa, ba banɗaki, ba shago ko ɗaya a buɗe, netwok sai ka yi ta yawo da waya a sama, ga sanyin Fabrairu mai shiga ƙashi. Kafin dare na biyu batirana sun mutu, don sanyi na shanye caji da sauri, ni ban ma san da haka ba. Wani dattijo da ke zaune gaban ɓaraguzan gidansa yana jiran a fito da jikokinsa shi ya matsa min kusa da wutar da ya hura, ya raba burodinsa biyu ya miƙo min, ya ce ɗana ci. Na ci don yunwa nake ji, amma wallahi har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni, wanda ya rasa komai shi ke ciyar da ni. In za ka irin wannan wurin ka ɗauki ruwanka da abincinka na kwanaki, jakar barci, fawa banki fiye da ɗaya, tocilan, takalmi mai kauri saboda rodi da gilas, hular kwano, takunkumi mai kyau don ƙurar tsofaffin gine-gine na iya ɗauke da asbestos, wani kayan gini da shaƙar ƙurarsa ke lalata huhu. Batir kuma ka sa shi a aljihun ciki kusa da jikinka. In ba ka da halin wannan tanadin gara ka zauna, duk bargon da aka ba ka na wani ne.

Abu na biyu ya fi nauyi. Masu ceto suna da yadda suke yi, sai ɗaya ya busa usur ya ɗaga hannu, nan take a kashe katafila da janareto da motoci, kowa ya daskare inda yake, sannan su haɗa baki su ƙwala kira cikin ramin, "Sesimi duyan var mı?", wato akwai mai jin muryata? Sai a kasa kunne. Mutum ɗaruruwa a tsaye amma ko tari ba mai yi, don wanda ke ƙasa wataƙila ƙwanƙwasa bututu kawai ya rage masa ƙarfin yi. Toh a cikin irin wannan shirun ne na hango fuskar wata uwa, haske ya faɗo mata daidai, na ɗan taka gefe don in samu kusurwa, tsakuwa ta gangaro ƙarƙashin ƙafata, kyamarar ma ta yi ƙas ƙas don ban kashe ƙararta ba. Wani daga cikin masu haƙar kwal na Zonguldak da ke arewacin Turkiyya, waɗanda suka zo aikin ceto saboda sun san haƙa rami da tokare shi, ya juyo ya kalle ni, bai ce uffan ba, sai da aka sake kiran daga farko. Daƙiƙun da na ci musu ba nawa ba ne. Yawancin kyamarorin yanzu suna da saitin ɗauka ba ƙara, ka kunna tun kafin ka isa, waya ma ka sa ta a shiru, kuma idan an ɗaga hannu ka sauke kyamarar gaba ɗaya.

Maganar kuɗi kuwa a gurguje zan yi ta. Wani edita ya tuntuɓe ni ta WhatsApp, na tura masa hotuna ba yarjejeniya a rubuce, ashe duk haƙƙin mallakar na sallama a kan kuɗin da ko jirgina bai biya ba. Ku riƙa tambaya tun farko, amfani sau ɗaya ne ko mallaka gaba ɗaya, nawa ne kuɗin yini, wa zai ɗauki inshora idan ka ji rauni, asalin fayil ɗin kuma ya tsaya a hannunka. Sannan ka rubuta gari, unguwa, kwanan wata da abin da ke faruwa a cikin bayanan kowane hoto a daren da ka ɗauka, ni na bari sai daga baya, na rikita sunan unguwa biyu, haka aka wallafa.

Ranar 20 ga wata da rana na shiga wani bene da ya tsattsage don in ɗauki wani falo da labulensa ke kaɗawa, ƙarfe takwas na daren ranar wata girgizar mai maki 6.4 ta sake bugawa daga gundumar Defne da ke maƙwabtaka da Antakya, gine-ginen da suka rage a tsaye da ƙyar suka zube, aka ƙara rasa rayuka. Awoyi kaɗan ne tsakani. Bayan babbar girgiza ƙananan kan ɗauki makonni har watanni suna zuwa, kar hoto ya shigar da kai ginin da masu shi suka gudu.

Amma wanda ya sa na zauna rubuta wannan daban ne. A kwanakin farko gawarwaki a bakin titi ake jera su, a lulluɓe da bargo ko labule, don likkafani ya yi ƙaranci. Na ga wata baiwar Allah, bargon ya zame, fuskarta a buɗe, zobe a hannunta, ga ƙofar gidansu da lamba a bayanta. Na ɗauka. Ban tambayi kowa ba, ban ja bargon na rufe ta ba, da na samu netwok na ɗora a Instagram, mutane suka yi ta yaɗawa ni kuma ina ƙirga masu so. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo daga wani saurayi a Jamus, ɗan 'yar'uwarta ne, suna ta kiran wayarta tun ranar Litinin ba ta shiga, suna sa rai tana wani asibiti, a hotona suka ga rasuwarta. Bai zage ni ba, ni da zagin ya yi da ya fi min sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, a wane titi take yanzu, kuma akwai wanda ke tare da ita? Ban da amsa, don na ɗauka na wuce ne.

Mu da muka tashi a inda ake gaggauta suturta mamaci, ake kare mace ko a makara take, ni ne na yi wannan ga 'yar mutane don kawai ba garinmu ba ne. Ban ce kar a ɗauki hoton mutuwa ba, duniya ba ta motsawa sai ta gani, kuma hotunan da aka ɗauka a can sun taimaka wajen jawo agaji da tona asirin gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Amma akwai takalmi a cikin ƙura, akwai hannun mai jira, akwai layin barguna daga nesa, duk suna faɗin abin ba tare da ka tona fuskar kowa ba. Masu rai kuma ka fara da gaisuwa, can "gecmish olsun" suke cewa, kamar sannunmu ce ta jaje, ka zauna, ka nuna kyamarar ka jira a gyaɗa maka kai, in an ce a'a ka tafi, yara kuwa sai da iznin babba. Mafi yawanku ba za ku ga girgizar ƙasa ba in sha Allahu, amma na ga hotunan da wasunku suka ɗora lokacin ambaliyar Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, na ga irin hannuna a cikin wasu.

Na goge hoton a daren da saƙon ya zo, na ba saurayin haƙuri, na kwatanta masa titin iya abin da na tuna, daga baya ya sanar da ni sun same ta an yi mata sutura. Sai dai waɗanda suka kwafa sun riga sun kwafa. Duk 6 ga Fabrairu sai na ci karo da shi a shafin wani, da sunana a ƙasa, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su sauke, wasu su sauke, wasu ko amsa ba sa yi.