Abin da na koya a bayan kantar zaitun a arewacin Landan

Ɗalibin da ya shiga Ingila da bizar karatun jami'a, doka ta ba shi damar yin aikin sa'o'i 20 a mako muddin ana cikin zangon karatu, ni kuwa nawa sa'o'in a wani shagon kayan abinci na wani Baturke na yi su, a kan titin Green Lanes da ke arewacin Landan, inda Turkawa da Kurdawa da mutanen tsibirin Kubrus suka daɗe da kafa shaguna. Kayan shagon na ƙasashen bakin Bahar Rum ne: man zaitun, 'ya'yan zaitun da aka jiƙa a ruwan gishiri, cukun feta na Girka, barzajjiyar alkama, markaɗaɗɗen riɗi da suke kira tahina, dabino, gurasa mai zafi, da naman halal a can ƙurya. Yawancin waɗannan kaya ba a rufe suke zuwa hannun mai saye ba, ɗiba ake yi a auna masa, saboda haka abin da yake biya da abin da zai ci duk sun rataya ne a kan abin da ma'aikaci ya yi a inda idon mai saye bai kai ba.

Tarbar mutane ita ce ta fi sauƙin koyo, domin Bahaushen da ya taso yana ganin kasuwa ba baƙo ba ne ga gaisuwa da tambayar iyali. Maigida ya san tsofaffin unguwar da sunayensu, yana miƙa musu shayi a ƙaramin kofin gilashi, kuma ba ya yarda a auna wa mutum zaitun sai ya ɗanɗana. Sai dai na lura cewa wannan sabo yana da nasa illar, domin a yayin da ake hira da tsohon abokin ciniki, baƙon da ya shigo karon farko yana tsaye bai san sunan komai ba, kunya ta hana shi tambaya, kuma sau da yawa sai ya juya ya fita hannu rabbana. Irin wannan mutum shi ya fi bukatar a ce masa sannu da zuwa, a kuma gaya masa wane zaitun ne mai ɗaci, wane ne mai gishiri.

Batun farashi ya fi wannan nauyi. A Ingila ba a yin ciniki a shagon abinci, doka ta wajabta a rubuta kuɗin kaya a inda za a gani, ko da yake ƙananan shaguna da faɗinsu bai wuce murabba'in mita 280 ba an ɗauke musu wajabcin rubuta farashin kowane kilo ko lita a kan kayan da ke cikin gwangwani da kwalba. Kayan da ake ɗiba a auna kuwa dole a bayyana kuɗin awonsu. A nan ne sikeli yake zama wurin gwada amana, domin robar da ake zuba zaitun tana da nauyinta wanda dole a cire kafin a fara awo, ruwan gishirin da ya biyo ludayi shi ma yana da nasa. Ma'aikacin da bai tsane ludayi ba yana sayar wa mutane ruwa a kuɗin zaitun, kuma ko da abin bai wuce 'yan kwabbai a kowane awo ba, matan da ke sayen wannan kaya tun suna 'yan mata suna ganewa da ido. Ba sa yin magana, sai dai a wayi gari an gan su suna shiga shagon da ke tsallaken titi.

Lokacin aikina ya zo daidai da tashin farashin man zaitun. Fari da tsananin zafi sun afka wa kudancin Sifaniya a 2022 da 2023, ita kuwa Sifaniya ita ce ta fi kowace ƙasa samar da wannan mai, musamman lardin Hayen da ke yankin Andalus. Abin da ta tatsa a kakar 2022 zuwa 2023 bai kai rabin na kakar da ta gabata ba, farashin sari kuma ya ninka har ya wuce, ya kai wajen Yuro 9 a kan kowane kilo a farkon 2024. Ƙaramin shago hanyoyi kaɗan ne a gabansa a irin wannan hali: ya ƙara kuɗi a fili, ko ya kawo ƙananan kwalabe a tsohon farashi, ko ya cika kanta da man da ake fitarwa daga tunkuzar zaitun ta hanyar sinadari, wanda gwangwaninsa ke ɗauke da hoton zaitun kamar na tatsar farko. Maigida ya kawo duka nau'o'in man biyu, na tatsar farko da na tunkuza, amma ya raba musu wuri, ya kuma umarce mu da mu gaya wa duk wanda ya ɗauki mai arahar cewa na suya ne, ba na zubawa a kan salak ba. An yi ta ƙorafin tsada, wasu ma sun ajiye gwangwani a kan kanta sun tafi, amma ban ga wanda ya dawo yana cewa an cuce shi ba. A ganina wannan ita ce iyakar abin da shagon unguwa zai iya yi, tunda ba zai taɓa yin gasar arahar madara da sukari da manyan shaguna masu araha irin su Aldi ko Lidl ba.

Tsabta ita ce ta fi cin lokaci, kuma ita ce mai saye ya fi ƙarancin gani. Jami'an ƙaramar hukuma suna zuwa ba tare da sanarwa ba, su ba shago maki daga 0 zuwa 5 a ƙarƙashin tsarin da hukumar kula da ingancin abinci ta ƙaddamar a 2010, kuma abubuwa uku suke dubawa: yadda ake sarrafa abinci, yanayin ginin da kayan aiki, da kuma rubutaccen shaidar cewa ana bin ƙa'ida kullum. Manna takardar makin a ƙofa wajibi ne a Wales da Ailan ta Arewa, amma a Ingila ganin dama ne, shi ya sa rashin ganinta a ƙofar shago yakan sa wanda ya san tsarin ya yi tunani. Kowace safiya akan duba sanyin firiji a rubuta a kundi, domin doka ta ce kada abinci mai saurin lalacewa ya haura digiri 8 a ma'aunin Salshiyas, an kuma fi son ya tsaya a 5 ko ƙasa. Cukun feta dole ya nutse cikin ruwan gishirinsa, buhunan alkama ba a ajiye su a ƙasa saboda ɓeraye, katakon yankan ɗanyen nama kuma ja ne, ba ya kusantar wurin cuku ko da an wanke shi.

Safar hannu ta roba ita ce abin da na fi yi wa kallon yaudara, domin tana kwantar da hankalin mai saye alhali ma'aikaci yana iya karɓar kuɗi da ita, ya taɓa ƙofar firiji, sannan ya koma kan cuku. Hannun da ake wankewa da sabulu a kai a kai ya fi ta aminci nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa ɗauka a cikin tsabta ba sai da na shiga wannan aiki. Riɗi, wanda manoman Jigawa da Nasarawa da Binuwai suke nomawa, Turkiyya kuma tana cikin manyan masu sayensa, yana cikin abubuwa 14 da dokar Ingila ta ce dole a sanar da mai saye idan suna cikin abinci, saboda akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukarsu ko kaɗan. Wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Natasha Ednan-Laperouse ta rasu a 2016 bayan ta ci burodin da ke ɗauke da riɗi wanda ba a rubuta a jikin ledarsa ba, kuma daga Oktoban 2021 dokar da ake kira da sunanta ta wajabta rubuta dukkan kayan haɗi a kan abincin da shago ya ƙulle da kansa kafin mai saye ya zaɓa. A shagon da riɗi yake cikin tahina da alawa da saman gurasa, cokali ɗaya da ya fita daga wannan kwano ya shiga wancan ya isa ya kai mutum asibiti, don haka kowane kwano da nasa cokalin, kuma wanda bai tabbatar da abin da ke cikin kwano ba, an hana shi amsawa da ka.

Duk waɗannan ƙa'idoji kuɗi suke ci, kuma a cikin farashin kaya suke ɓuya: cukun da aka zubar saboda ranar da aka rubuta a daina cinsa ta wuce, wutar firijin da ba a kashewa, da sa'ar da ake biyan ma'aikaci yana wanke kwanuka bayan an rufe ƙofa. Wadda ta fi wuyar bi ita ce ƙa'idar da ta ce mai taɓa abinci da ya yi amai ko gudawa ya zauna a gida har sa'o'i 48 bayan ya warke. Ma'aikacin da ake biya gwargwadon sa'o'in da ya yi, kuma kuɗin haya na jiransa a ƙarshen wata, yana da dalili mai ƙarfi na yin shiru ya zo aiki, jami'in hukuma kuwa ba shi da hanyar ganin wannan a kundi. Maigida yakan maye wa mutum sa'o'in da ya rasa a makon da ke biye, amma wannan halinsa ne shi kaɗai, kuma na san abokan karatu da suka yi aiki a wasu shaguna inda ba a yin haka.