Wasiƙa daga kan iyakar Sikotland: zaɓen kwikwiyon kiwo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna lafiya, sanyi kuma yana nan yadda na ba ku labari. Tun da na turo hoton karen da ke kora tumaki a gonar da nake aiki, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: yaya suke gane kwikwiyon da zai yi aiki tun bai bar nono ba? Wasu kuma horo suke son ji, da abinci, da farashi. Zan taɓa su in wuri ya rage.

Irin karen ana ce masa Border Collie, kuma nan ne mahaifarsa, tsaunukan da suka raba Ingila da Sikotland. Yawancin na yanzu jikokin wani kare ne mai suna Old Hemp, da aka haifa a Northumberland a 1893, wanda ya yi suna wajen juya garke ba haushi, ido kawai yake kafa wa tumaki su bi. Ƙungiyar masu karnukan kiwo ta nan, wadda aka kafa a 1906, ba ruwanta da launi ko tsayuwar kunne. Aiki take dubawa.

Dattijon da nake ƙarƙashinsa ya tafi da ni zaɓe. Abin da ya fara ba ni mamaki, bai ko leƙa 'yan kwikwiyon ba sai da ya sa aka fito da uwarsu ta tattaro tumaki daga kan tudu. Ya ga yadda take jin fito, ya ga ba ta cizon ƙafa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sannan muka shiga ɗakin ciyawa, ya zauna a kan dami, ya yi shiru. Suna da mako bakwai. Wani ƙato ya rugo yana tattake 'yan'uwansa yana jan wandonsa, ni har na ƙyasa. Dattijo bai kula shi ba. Can sai ya saki bokitin ƙarfe a ƙasa, suka watse gaba ɗaya. Tsoratar ba ta dame shi ba, kowane kwikwiyo yana tsorata. Wanda zai dawo yake jira. Wata 'yar ƙaramar mace ta leƙo, ta matso a hankali, ta sunsuna bokitin. Da ya gara tsumma a daɓe, sauran suka afka masa, ita kuwa ta lafe, ta kafa masa ido, ta zagaya ta gabansa. Ita ya zaɓa. Ƙaton nan, in ji shi, sai mai hannu da ƙarfi, zai yi ta gardama da ubangidansa. Wanda ya maƙale a lungu har muka fita kuwa, tunkiya mai jego ɗaya za ta kore shi. Bai ɓoye mini ba cewa wannan duk kintace ne, gaskiyar kare ba ta fitowa sai ya yi watanni an kai shi gaban tumaki.

To sai takardu. Jama'a, kwikwiyo fa! Tun 2016 doka ce a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fatar wuya kafin ya wuce mako takwas, a shigar da sunan mai shi a kwamfuta. In ya sauya hannu a sake shigarwa. Ga katin likitan dabbobi, ga ranakun maganin tsutsa, ga sakamakon gwajin iyayensa kan wani ciwon ido da irin nan ke gado, ga takardar asali. A Ingila tun 2020 an hana dillali sayar da kwikwiyo, sai dai ka je wurin mai uwar. Cike-ciken nan ya gundure ni matuƙa, amma abu guda a ciki ina so ya iso gida: ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. A makonnin nan ne yake koyon sassauta cizo da zama da wasu. Mu kuwa da ido ya buɗe an ɗauke shi an sa masa kunu, daga baya a ce kare ya cika tsoro ko faɗa. Kuma nan ba su da ciwon haukan kare, mu muna da shi. Allurar tana samuwa, har a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, ana haɗa ta, a yi wa kwikwiyo da ya kai wata uku.

Masu neman karen gadin garke ku lura, halin da dattijo ya zaɓa ba naku ba ne. Mai lafewa da bin abin da ke motsi zai wahalar muku da 'yan awaki. Ku nemi mai sanyin jiki, wanda zai kwanta cikin dabbobi bai damu ba. Mafarauta kun fi ni sanin naku.

Farashi ya danganta da iyaye, horarre kuma ya ninka kwikwiyo nesa ba kusa ba. Maganar fito da horo sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.