Adireshin da ya fi ƙarfin gurbin da na tanada

Wani Alhaji mai sayar da takalman fata a Kasuwar Dole ya ba ni aikin ƴar manhajar karɓar oda. Wata biyu shiru, ba ƙorafi. Ran nan bayan la'asar sai ga kiransa: "Ɗana, mutumina na Faransa ya ce abinka ya ƙi shi."

"To Alhaji, bari in duba."

Laifina ne tsaf. A rumbun bayanai na ware wa adireshin intanet na mai shigowa (lambar da ake gane na'urarsa da ita) gurbin haruffa 15, don iyakar tsawon na tsohon tsarin IPv4 ke nan: lambobi huɗu da ɗigo a tsakani. Shi kuwa mutumin da sabon tsarin IPv6 ya zo, abu mai kamar 2001:db8:0:0:0:0:0:1 (wannan zangon misali ne da aka keɓe don koyarwa, ba nasa ba). Gurbin ya ƙi ɗauka, odar ta faɗi.

Daren nan na zauna na koyi abin da na daɗe ina kauce wa. Tsohon tsari bit 32 ne (kowane bit sifili ne ko ɗaya), adireshi kusan biliyan 4.3, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare tun Fabrairun 2011. Sabon bit 128 ne, kashi takwas, kowane kashi alamomi huɗu daga 0 zuwa 9 da a zuwa f. Ana zubar da sifilin farkon kashi, jerin sifilai kuma a dunƙule shi da :: amma sau ɗaya tak. Shi ya sa misalin can ke komawa 2001:db8::1. Nan na gane kwatanta adireshi biyu harafi da harafi ganganci ne, tunda abu guda na iya zuwa da riga biyu.

Na faɗaɗa gurbin zuwa 45, sai wata ta ɓullo. Da can ina yanka adireshi a kan ɗigo biyu (:) don ciro lambar ƙofa, wato lambar da ake liƙawa a ƙarshen adireshi don nuna manhajar da saƙo zai shiga. Yanzu ɗigo biyu sun cika ko'ina. Ashe sai an kulle shi a baka mai kusurwa, kamar [::1]:8080.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce toshe masu damuna da gwajin kalmar sirri. Waya na sauya rabin adireshinta na ƙarshe lokaci-lokaci, ka toshe yau gobe ta dawo. Sai da na koma toshe zangon /64, wato duk adireshin da rabinsu na farko ɗaya ne, ɗungurungum.

Da asuba odar ta shiga. Alhaji bai tambayi abin da ya faru ba, lambar takalmin kawai ya nema.