Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗakin Tazarar Haihuwa

Makon jiya mun tsaya a inda aka ɗauke ni daga ɗakin haihuwa aka mayar da ni ɗakin tazarar haihuwa, a wani asibitin sha-ka-tafi da ke Agege. Wannan makon zan jingine labarin kaina, domin saƙonninku kusan duk tambaya ɗaya suke yi: wace hanyar tazara ce ta fi? Babu wadda ta fi a wajen kowace mace. Kuma matan da ke watsar da tazara, akasari ba ciki ne ya shige musu ba. Jini ne ya rikice musu, alhali ba wanda ya gaya musu tun farko cewa zai rikice.

A wata guda ƙwai ɗaya mace ke saki, kuma bai wuce awa 24 yana raye. Maniyyi kuwa yana iya kwana 5 a jikinta yana jira. Duk hanyoyin nan ɗayan abu uku suke yi: su hana ƙwan fita, ko su kaurara majinar bakin mahaifa ta toshe hanya, ko su tare maniyyin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin, bayan ɓari kuma wata 6. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, iyayenmu ma gudun kwanika suke yi.

Allura ita ce matanmu suka fi tambaya. Depo-Provera miligiram 150 ce, a dantse ko a ɗuwawu, duk mako 13. Noristerat duk mako 8. Idan an makara, Depo tana da rangwamen mako 4, Noristerat mako 2 kacal. Wadda ta wuce haka sai an tabbatar ba ta da ciki, sannan ta kiyaye na kwana 7 bayan sabuwar allurar. A nan ne matan Legas ke faɗawa: an tafi gida Kano ko Katsina biki, biki ya haɗe da Sallah, an share wata biyu, katin asibiti yana Agege cikin durowa. Maganin wannan allurar Sayana Press, miligiram 104, wadda mace za ta iya yi wa kanta idan an koya mata. A girgiza ta sosai na daƙiƙa 30, a tura murfin ya haɗe da jikinta har giɓin ya rufe, a tsunkule fatar ciki ko ta gaban cinya, a soka, a matse robar a hankali na daƙiƙa 5 zuwa 7. Kada a murza wurin, domin murzawa tana sa maganin ya bi jiki da sauri fiye da yadda aka tsara.

Abu biyu ya wajaba a gaya wa mai allura kafin a soka mata. Na ɗaya, watannin farko jini zai yi ta wasa, daga baya ya ɗauke. Bayan shekara guda kusan rabin masu Depo ba sa ganin al'ada kwata-kwata. Jinin ba taruwa yake yi a mara ba. Shimfiɗar cikin mahaifa ce ba ta kaurara, don haka babu abin da zai zubo. Na biyu, bayan an daina, ciki yakan yi jinkiri, kusan wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu har su haura shekara. Wannan ba rashin haihuwa ba ne, amma wadda take son ciki baɗi ba na ba ta shawarar allura. Tana kuma sa wasu ƙiba, kilo 1 zuwa 2 a shekara, ta ɗan rage ƙarfin ƙashi, wanda yakan dawo idan an daina.

Ashanar fata kuwa, wato 'yar sandar da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse, a ganina, ba a yi hanyar da ta kai ta hutu ba. Implanon NXT sanda ɗaya ce mai tsawon santimita 4, tana shekara 3. Jadelle sanda biyu, shekara 5. Cikin mata 1,000, kusan guda ɗaya ce ke ɗaukar ciki a shekarar farko. Mace za ta kwanta ta lanƙwasa hannun da ba ta cika aiki da shi ba. A auna santimita 8 zuwa 10 daga gwiwar hannu ta cikin dantse, a goge, a yi allurar kashe zafi, a ɗaga fatar sama kamar rumfa a zura sandar a kwance. Kafin ta tashi sai an kama yatsanta an ɗora a wurin ta ji ta da kanta. Wurin ya kwana 4 ruwa bai taɓa shi ba. Matsalar da ake samu daga hannun mai sawa take: idan ta nutsa cikin tsoka, cirewa yakan zama aiki, har a nemi hoton asibiti. Labarin da ake yi cewa ashana tana yawo a jiki, daga irin wannan sawar ya samo asali, kuma ba kasafai yake faruwa ba. Sai magunguna: rifampicin na tarin fuka, efavirenz na ƙanjamau, da carbamazepine na farfaɗiya suna rage mata ƙarfi. Mai shan su ta faɗa tun a bakin ƙofa, allura ko robar mahaifa ta fi dacewa da ita.

Ga yadda maganar kan kasance bayan wata uku da sa ashanar. Yarinya za ta shigo da goyo, ta zauna a bakin kujera, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Anti, don Allah ku cire min abin nan. Yau kwana ashirin rabona da sallah."

"Subhanallahi. 'Yata, jinin zuba yake yi ko ɗigo?"

"Ɗigo ne, Anti. Yau a gani, gobe babu. Baban Abba har ya fara magana."

"Da can al'adarki kwana nawa take yi?"

"Shida."

To ka ji inda gizo ke saƙa. Ɗigon ba ciwo ba ne a likitance, amma ya raba ta da sallah, ya raba ta da mijinta. A fiƙihun Malikiyya mai al'adar kwana 6 tana ƙara kwana 3 ne, kuma haila ba ta wuce kwana 15. Abin da ya haura jinin istihala ne, ta yi wanka ta yi sallarta. Lissafin kwanakin da ke yankewa su dawo, wannan a kai wa malamar islamiyya. Ta ɓangarenmu kuma akwai magani: ibuprofen miligiram 800 sau uku a rana bayan abinci na kwana 5, ga wadda ba ta da olsa, ko ƙwayar tazara ta kwana 21 ga wadda jikinta ya yarda da ita. Ma'aikaciya ce za ta rubuta, ba maƙwabciya ba. Idan jinin ya ninka na da, ko ya zo da jiri da fari a ido, a dawo asibiti ranar. Idan kuma ta ce ita dai a cire, haƙƙinta ne a cire, kuma ciki yana iya shiga a watan.

Robar mahaifa, Copper T 380A, ba ta da sinadarin da ke bin jini. Jan ƙarfen da ke jikinta ne ke kashe wa maniyyi ƙarfi, kuma tana shekara 10 zuwa 12. Ana sawa cikin awa 48 da haihuwa, in an wuce sai bayan mako 4. Tilas a duba mace tukuna, domin idan akwai ciwon sanyi aka sa, an buɗe wa cutar hanya zuwa sama, kuma haɗarin ya fi yawa a mako 3 na farko. Ana auna zurfin mahaifa, a sa, a datse zaren a bar kamar santimita 3. Maigida ya ce yana jin zaren? Sau da yawa an datse shi ne ya yi gajere, ya tsaya kamar ƙaya. Al'ada takan ƙaru da ciwon mara a wata 3 zuwa 6 na farko, don haka mai ƙarancin jini ta nemi irin mai sinadari, kamar Mirena, wadda ita rage jinin take yi. Huda mahaifa wajen sawa yana faruwa kamar sau 1 cikin 1,000. Ɓatan wata, ciwon mara mai tsanani, zazzaɓi ko ruwa mai wari, kada a kwana da su a gida, musamman don gudun cikin da ya zauna a wajen mahaifa.

Ƙwaya ita ce ake saye a kemis kamar alewa, kuma ita ce ta fi buƙatar awo. Irin su Microgynon, 21 masu magani da 7 na hutu, suna da sinadarin da ke iya sa jini ya daskare a jijiya. Mai hawan jini, mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, mai shan sigari da ta kai shekara 35, da wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa, su nisance ta. Mai shayarwa ta jira wata 6, ko ta sha irin Microlut, wadda ba a yi mata lattin da ya wuce awa 3. Da mantuwa irin ta ɗan Adam, mata 7 cikin 100 ke ɗaukar ciki a shekara, shi ya sa nake cewa a haɗa shan ta da sallar isha'i.

Postinor-2 ƙwayar gaggawa ce, cikin kwana 3 da saduwa ta fi aiki. Jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. An yi amai cikin awa 2, a sake sha. A duba lambar NAFDAC, jabu sun yi yawa. Kwaroron roba shi kaɗai ke tare ƙanjamau da ciwon sanyi, abin da matan direbobin tirela ya kamata su riƙe. Man kaɗanya da basilin suna cin robar, zafin aljihun mota ma haka. Azlu, wato zubar da maniyyi a waje, sahabbai sun yi shi, amma mata 20 cikin 100 na samun ciki da shi a shekara. Shayarwa tana tsarewa da sharaɗi uku tare: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Ranar da aka fara ba shi koko, a nemi wata hanya.

Ɗaurin mahaifa na dindindin ne. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara da yardar miji da mata, ta hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura. Irin wannan larurar likitocin manyan asibitoci kamar LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja ke tantancewa. Sauran hanyoyin, tun 2011 kayansu kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari, daga maigidan da ya sauko daga Keke da matansa biyu, ya ce a yi wa ɗaya a bar ɗaya.