Abin da na koya a kogin Tilt a lokacin kaka

Na je Sikotland karatun kimiyyar kifi da ilimin da na ɗauka a kan tarwada, kifin da yake jure taɓo da ruwan ɗumi, har ya iya shaƙar iska daga sama idan ruwa ya ƙi masa. A ƙarshen watan Satumba aka tura mu aikin fili a kogin Tilt, wanda yake gangarowa daga tsaunukan Grampian ya haɗu da kogin Garry a Blair Atholl, daga nan ruwan ya bi ta Tummel zuwa Tay. Kaka a can ba lokacin girbi kaɗai ba ne kamar yadda muka sani, lokaci ne da ganye ke zama rawaya yana zuba, dare yana ƙara tsawo, sanyi yana shiga ƙashi. Kifin da muka je dominsa shi ne tirawut mai ruwan ƙasa, mai jajayen ɗigo a gefen jikinsa.

Abu na farko da ya gyara mini tunani shi ne sanyin ruwan. Ruwa mai digiri 10 yana riƙe kusan miligiram 11 na iskar oksijin a kowace lita, amma idan ya kai digiri 30 abin da yake riƙewa bai kai 8 ba. Tirawut yana fara galabaita da zarar ruwa ya haura digiri 20, shi ya sa yake zaune inda ruwa ke dukan duwatsu yana kumfa. Na karanta wannan a aji, amma ban fahimce shi ba sai da na tsaya cikin kogin sanye da takalmin roba mai kaiwa ƙirji, yatsun ƙafata suka daina ji, alhali kifin yana kai da komo a gabana cikin ƙoshin lafiya.

Bayan an tashi daga aiki, wani dattijo mai kula da wannan sashe na kogin ya koya mini fatsa irin tasu, bayan na sayi takardar izini. Ba a sa tana a ƙugiya. Ana ɗaura mata gashin tsuntsu da zare ne har ta yi kama da ƙwaron da ke faɗawa ruwa, sannan a wurga ta da doguwar sanda mai lanƙwasa. Kwana biyu ban kama ko ɗaya ba, kuma laifin ba na ƙugiyar ba ne. Ina zuwa ne daga saman kogi, inuwata tana riga ni isa ruwan. Dattijon ya nuna mini cewa kifin kullum yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, domin daga can abinci yake zuwa masa, kuma yana fakewa a bayan dutse, daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, don ya ci ba tare da ya ƙarar da ƙarfinsa ba. Saboda haka sai a zo masa ta baya, a durƙushe, a ajiye ƙugiyar a gabansa, a bar ruwa ya kai masa ita kamar ba hannun kowa a ciki. Da na fara duban kogin da idon kifin, sai wuraren da a da nake ganinsu duk ɗaya suka rarrabu.

Wanda na fara kamawa bai wuce tsawon tafin hannuna da yatsu ba. Dattijon ya sa na jiƙa hannuna kafin in taɓa shi, domin busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta, sannan muka cire ƙugiyar muka mayar da shi. A ɗakin bincike mun saba duba ɓawon jikin irin waɗannan kifaye a madubin ƙara girma, inda ake ganin zobba masu faɗi na lokacin zafi da masu matsi na hunturu, a ƙirga shekaru da su. Kifin da a kududdufin kiwon tarwada zan ce bai wuce 'yan watanni ba, a wannan kogi mai ƙarancin abinci yana iya kai shekara uku ko huɗu. Tun daga ranar na daina auna darajar kifi da girmansa kaɗai.

A dokar Sikotland, lokacin kamun wannan kifi yana farawa ne ranar 15 ga Maris, ya ƙare ranar 6 ga Oktoba. Da farko na ga kamar an rufe ƙofa ne a daidai lokacin da kifin ya fi ƙiba da kyan launi. Wannan ƙibar kuwa ita ce dalilin rufewar, domin guzuri ne da ya tara na hawa ƙananan ƙoramu ya zuba ƙwai. Hakan ya tuna mini da Matan Fada a Argungu, inda ake hana kamun kifi har sai ranar biki, kuma a ganina hikimar ɗaya ce ko da yake ruwan ya bambanta.

Darasin da ya fi zauna mini a rai ya zo ne a watan Nuwamba, da muka koma ba tare da sanda ba, don ƙirga wuraren da kifin ya binne ƙwai. Macen takan kwanta a gefe ta riƙa dukan tsakuwa da wutsiya har ta haƙa ɗan rami, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, sannan ta rufe. Tana ɗaukar kimanin ƙwai 2,000 a kowace kilo ta nauyin jikinta. Abin da ake gani daga sama shi ne wuri mai haske a tsakiyar tsakuwa mai duhu, domin an juyo duwatsun da gansakuka ba ta kama ba. Ina ƙoƙarin tsallaka wata ƙorama sai na ga irin wannan wuri, na ɗaga ƙafa zan taka shi saboda ya fi kama da wurin da ba santsi. Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Dakata, yarona, kifin shekara uku masu zuwa ne a ƙarƙashin ƙafarka."

Ƙwan yakan yi wata uku ko fiye a cikin tsakuwar, yana rayuwa da ruwan da ke ratsa tsakanin duwatsu, kuma ko bayan ƙyanƙyasa 'ya'yan suna ƙara makonni a ciki suna cin gwaiduwar da ke maƙale a cikinsu. Idan shanu suka rusa gaɓar ƙorama, ko aka sare itatuwan bakinta, laka takan toshe waɗannan ƙofofi, ƙwan ya shaƙe ba tare da kowa ya ga gawar kifi ko ɗaya ba. Wannan ne ya sauya yadda na tsara aikin digirina, na rage shafukan da na ware wa ƙidayar manyan kifaye, na ƙara na auna lakar da ke cikin tsakuwa. A ranar mun ƙirga wurare bakwai a ƙoramar, muka rubuta su a littafi, sannan muka yi zagaye mai nisa ta kan tudu kafin mu sami inda za mu tsallaka.