Faɗa-wutar da muka kama a fadamar Kwalkwalawa da wahalar tabbatar da cewa sabuwa ce

Tunda labari ya fita cewa muna rubuta takarda kan wata 'yar faɗa-wuta da muke ganin ba'a taɓa raɗa mata suna a kimiyyance ba, abokai ke ta tambayata wai ya akayi na gane sabuwa ce, wasu ma ɗauka suke da na ganta kawai na gane. Wallahi ba haka abun yake ba. Kama ta bai ɗau komai ba, dare ɗaya ne, amma tabbatar da cewa wani bai riga ya sa mata suna shekara ɗari da suka wuce ba shine aikin da ya kusa cinye mun karatun digiri na biyu gaba ɗaya.

Asali ma ba ita naje nema ba. Aikina akan kwarin gero ne, musamman Heliocheilus albipunctella wadda tsutsarta ke bin zangarniya tana ci tana barin wannan zanen mai kama da murɗi, da kuma Coniesta ignefusalis mai huda kara. Muna kafa tarko a bakin gonaki wajen Kwalkwalawa da Dundaye da damina, farin kyalle ne kawai ake ɗaurewa tsakanin sanduna biyu a rataya fitila mai hasken UV a haɗa da batir, kuma daren da babu farin wata yafi kawo kwari sosai, in akwai zafi da lumshi kuma iska ta kwanta toh ranar sai ka rasa inda zaka sa hannu a jikin kyallen. A cikin wannan tarin ne na riƙa ganin wata 'yar ƙarama, buɗin fikafikanta bai kai faɗin farcen babban yatsa biyu ba, launin ƙasa-ƙasa da wani siririn layi fari da ya lanƙwasa kusa da bakin fiffike. Daga yadda take zama da tsinin bakinta na san 'yar dangin faɗa-wuta ce da masana ke kira Crambidae, amma duk hotunan da muke dasu babu wanda ya zauna daidai da ita.

Da na kai ma malamina ya duba da gilashi ya daɗe bai ce komai ba, sannan yace "kar ka faɗa ma kowa kalmar sabuwa tukuna, ka koma ka samo mun wasu, maza da mata." Nace Allah gafarta malam ai wannan ɗaya ma a fili take. Yace ɗaya bata isa hujja ba, don jinsi ɗaya, wato iri ɗaya na kwaro, yana iya canza kala tsakanin farkon damina da kaka, mace tana iya fin namiji girma da duhu, kuma wadda ta tsufa garin jikin fikafikanta ya kakkaɓe zanenta ya kan koma wani abu daban. Gaskiyarsa ne kuma, na gani da idona daga baya.

Shirya su aiki ne na haƙuri. Ana kashe su a kwalba mai sinadarin ethyl acetate ko a firiza in akwai wuta, a soka allurar kwari a tsakiyar ƙirji, a shimfiɗa fikafikan akan katako mai rami a danne da siririyar takarda har su bushe. A Sakkwato bushewa bata da wuya, matsalar ma ta wuce gona da iri, in hunturu ya shigo kwaron da ka ajiye sai ya zama kana taɓa shi ƙafa ko gashin kai ya karye, dole ka fara sa shi a rufaffen mazubi mai jiƙaƙƙen yashi ya kwana yayi laushi. Ga cinnaka, in ka bar akwati babu kafur zuwa safe allurai kawai zaka tarar. Kowanne kuma da 'yar takardarsa a ƙasan allura: wuri, lambobin GPS, rana da wata da shekara, wanda ya kama, da yadda aka kama. Duk wanda ke son shiga harkar nan ina roƙonsa ya riƙe wannan da gaske, kwaro mara takarda komai kyansa ba'a iya kafa hujja dashi.

Inda aikin ya zama na gaske shine fiɗa. Ƙananan faɗa-wuta da yawa daga waje kamar an tsaga kara suke, abunda ke raba su shine surar al'aurarsu, musamman ta namiji, don kowane jinsi da irin tasa. Ana cire cikin kwaron a jiƙa a ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 har naman ya narke, a wanke, a share da ɗan burushi a ƙarƙashin maikuroskof, a rina da chlorazol black, sannan a shimfiɗa a kan gilashin sulaid da wani ƙaro da ake kira Euparal a sa mai lamba ɗaya da ta kwaron. Abu ne da bai kai ƙwayar gero ba kake buɗe shi da tsinin allura biyu kana riƙe numfashi. A namu akwai wata ƙaya doguwa mai lanƙwasa da take a dukkan mazan da na fiɗe, kuma babu ita a zanen 'yan uwanta na kusa da aka buga, ranar ne malam ya fara cewa "toh, yanzu muna da magana."

Sai DNA. Ƙafa ɗaya ake cirewa a aika leb, su karanta wani yanki na ƙwayar gado da ake kira COI mai tsawon harafi 658, hanyar da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya fito da ita a 2003, sai a kwatanta da abunda ke BOLD, wato rumbun intanet da ake tara irin wannan DNA na halittu. Namu bai dace da komai ba, tazararsa da mafi kusa ta wuce kashi 2 cikin 100 da aka saba ɗauka a matsayin alamar jinsi daban. Amma fa kar wannan ya ruɗi kowa, kwarin yankinmu na Sahel da yawa ba'a taɓa karanta DNA ɗinsu ba ko da suna da suna, don haka rashin samun irinsa a rumbu baya nufin sabo ne, yana iya nufin babu wanda ya damu ya saka shi ne kawai.

Wannan ne ya kai mu ga tsoffin takardu, kuma nan ne abun ya fi ci mun rai. Tun 1758 da masanin halittu Linnaeus ya kafa tsarin suna biyu ga dabbobi, dokar itace sunan da aka fara bugawa shi ke da iko, kaga kenan dole ka bi duk wanda aka taɓa raɗa ma wani abu mai kama da naka. Faɗa-wuta da aka riga aka bayyana a duniya sun kai wajen 160,000. Na riƙa kwana a shafin AfroMoths mai jerin faɗa-wutar Afirka ina bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, ina sauke bayanan George Hampson da yayi aiki a gidan tarihin halittu na Landan, wasu layi huɗu ne ko biyar babu ko zane. Akwai Angus Buchanan da ya tashi daga Kano zuwa Azbin a 1919 zuwa 1920 yana tara ma Walter Rothschild, wani attajirin Ingila mai nazarin halittu, tsuntsaye da kwari, Rothschild ya buga bayanin faɗa-wutar a 1921, dole muka bi wannan ma tunda ƙasar tamu iri ɗaya ce. Samfurin asali na mafi yawan waɗannan suna Turai a cikin durowa. Kwaron da ke tashi a bayan gidanmu, sai mun rubuta imel Ingila mun roƙi hoto kafin mu san ko shine ko ba shi bane. Wani masani a can ya taimaka ƙwarai, ya ɗauko mana hotunan samfuran da muke zargi da sulaid ɗinsu, Allah ya saka masa, amma duk da haka abun yana damuna har yanzu.

Abunda littattafan basu bani ba wani dattijo mai gona kusa da inda muke kafa tarko ne ya bani. Da na nuna masa hoton a waya yace "ɗana, wanga dai ban san shi ba, amma akwai wata tsutsa da ka naɗe ganyen sabara in ruwa ya zauna, taho in gwada maka." Muka tsinko naɗaɗɗun ganyen na sa a robobi na rufe da gidan sauro ina canza musu ganye kullum, wasu suka mutu, wasu ƙananan zanzaro masu cin tsutsa suka fito daga jikinsu, amma waɗanda suka kai ga fitowa itace dai da farin layinta. Da yawan jinsunan da aka bayyana a zamanin Turawa har yau ba'a san me tsutsarsu ke ci ba, mu kuwa zamu rubuta namu da abincinsa da lokacin fitowarsa, kuma sunan Baba yana cikin godiya a takardar da izininsa.

Sunan da muka zaɓa ba zan faɗa ba sai an buga, don dokar raɗa ma dabbobi suna ta duniya, wato ICZN, bata amincewa da sunan da ya fito babu cikakken bayani, yana iya jawo rikici daga baya. Takardar tana hannun masu tantancewa yanzu haka, in mujallar ta intanet ce kaɗai dole a yi rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi, wannan tun 2012 haka yake. Dole kuma a ware kwaro guda a matsayin holotayif, wato samfurin asali da sunan ke rataye dashi, a sa masa jar takarda, a faɗi inda za'a ajiye shi yadda duk mai bincike zai iya zuwa ya gani.

Akan wannan ajiyar muka fi jan magana da malam. Shi yana ganin a kai waje inda akwai sanyi da kulawa da tabbacin zai kai shekara ɗari biyu, ni kuma na dage ya zauna a Najeriya, don ɗalibin da zai zo bayana daga Wurno ko Gwadabawa ya hau mota ya je ya gani ba sai ya nemi biza ba. Na san tsoronsa ba na banza bane, akwatin kwari in an bar shi damina biyu babu mai dubawa ya tashi aiki. Inda muka tsaya shine holotayif ya zauna a gida a ma'ajiyar da muka tabbatar ana kula da ita, sauran samfuran a raba wasu su tafi waje da takardar izini, kuma mu ɗauki hoton komai har sulaid mu sa a cikin takardar. In Allah ya kai mu damina mai zuwa zamu matsa da tarkon wajen Goronyo da Illela mu ga iya inda take kaiwa.