Zaman Tsaro: Inda Faɗuwar Mai Bi Take Farawa

A daren da aka bashe Yesu, babu almajirin da ya kai Bitrus bugun ƙirji, domin ya ce ko da kowa ya yi tuntuɓe, shi kam ba zai yi ba. Jim kaɗan bayan haka, a lambun Getsamani, Ubangiji Yesu ya umarce shi, shi da Yakubu da Yohanna, su yi tsaro su yi addu'a kada su faɗa cikin gwaji (Matiyu 26:41), amma duk lokacin da ya dawo daga wurin addu'a sai ya tarar barci ya kwashe su. Kafin zakara ya yi cara, Bitrus yana jin ɗumin wuta a farfajiyar babban firist, tambayar wata baranya ta girgiza shi, har ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku.

A ganina, faɗuwar ta fara ne tun daga lambun, a sa'ar da ya kamata ya durƙusa amma ya kwanta. Haka ta faru da Sarki Dawuda a 2 Sama'ila 11: lokacin da sarakuna sukan fita yaƙi, ya aiki Yowab, shugaban sojojinsa, shi kuwa ya yi zamansa a Urushalima, ya tashi daga gado da yamma yana yawo a kan rufin fada, ya hango Batsheba tana wanka. Abin da ya fara da kallo ya kai ga zina, ya ƙare da jinin Uriya, mijin Batsheba, wanda Dawuda ya sa aka kashe a bakin daga.

Jaraba ta san lokacinta. Takan zo ne sa'ad da mutum ya gaji, ko ya ji haushi, ko ya keɓe da wayarsa a tsakar dare babu mai ganinsa, kuma mu da muka daɗe a ikilisiya mun fi saurin sakin jiki, saboda muna zaton mun wuce wannan matakin. Shi ya sa Bulus ya gargaɗi mai ganin yana tsaye da ya yi hankali, sannan ya tabbatar cewa Allah yakan buɗe hanyar tsira (1 Korintiyawa 10:12-13). Sau da yawa hanyar nan ba ta da wani ado. Yusufu bai tsaya muhawara da matar maigidansa Fotifar ba sa'ad da ta neme shi da lalata, rigarsa ya bar mata ya gudu. Ga wani, hanyar tsirar ita ce ya ajiye wayar a wani ɗaki kafin ya kwanta; ga wani kuma, ya nemi ɗan'uwa mai riƙon amana a cikin bangaskiya, ya faɗa masa inda rauninsa yake tun abin bai yi nisa ba.